Idan Igwa Ta Yi Likimo

Jama'a, tun da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairun 2022 kowa ya zama masanin makamai a dandalin nan. Kullum bidiyon manyan bindigogi ke yawo, wannan ya ce ta Amurka ta fi cin nisa, wancan ya ce ta Rasha ta fi ɓarna, kamar masu gardamar Barsa da Madrid a teburin mai shayi. Ni yau zancena a kan wadda ba a ɗauka a bidiyo ne, wato igwar da aka ja wa igiya ta ƙi tashi, ta yi tsit. A ganina, abin da runduna ta tanada domin 'yan mintunan da ke biyo bayan wannan shirun shi ke nuna ko tana ganin darajar ran yaranta ko ba ta gani. Rubutun da ɗan tsawo, mai haƙuri ya biyo ni.

Bari mu fara da yadda ake ɗura ta, don wanda bai sani ba. Babbar igwa mai faɗin baki milimita 155, irin wadda ake yawan ambato a labaran Yukren, ba kamar AK take ba da harsashi ke zuwa haɗe da albarushinsa a kwanso guda. Ita daban-daban ake zuba mata. A buɗe ƙofar gindinta, a cusa harsashi mai nauyin kilo 43 ko kusa da haka, a danna shi da sanda har ya kama. A bi shi da albarushi, a jaka ko a curi-curi, gwargwadon nisan da ake so. A rufe ƙofa ta kulle. Sannan a sa wani ɗan ƙaramin abu mai kama da kwanson harsashin bindiga, wanda aikinsa kawai ya tofa wuta cikin albarushin. Shi zan riƙa kira ashana a rubutun nan. A ja igiya, allura ta daki ashana, ashana ta kunna albarushi, albarushi ya kori harsashi, duk kafin ka ƙifta ido. In ta tashi, bututun kan zabura baya da ƙarfi sannan ya koma mazauninsa. Ku riƙe wannan zaburar, za mu dawo kanta.

To an ja igiya, ba a ji komai ba. Me ya faru? Wataƙila ashanar ce matacciya, ko allurar ta karye, wuta ba ta ma kama ba. Wannan mai sauƙi ne. Wataƙila kuma wutar ta kama amma tana ci a hankali, don albarushin ya sha danshi ko ya tsufa, tana cin ciki kamar garwashin da toka ta lulluɓe. Bayan daƙiƙa biyu, ko goma, ko minti da wani abu, sai ta tashi da cikakken ƙarfinta. Wannan shi nake kira likimo. Akwai kuma wata masifar daban: bututu ya yi zafi saboda yawan harbi, harsashi da albarushi na zaune a ciki suna dahuwa, har zafin kaɗai ya tayar da su ba wanda ya taɓa igiya.

Abin tashin hankalin shi ne, wanda ke tsaye a waje ba shi da yadda zai bambance mutuwa da likimo. Shirun iri ɗaya ne. In ya yi gaggawar buɗe ƙofar baya wai ya duba, aka yi rashin sa'a likimo ne, to ya ba wuta iska kuma ya buɗe mata hanya. Ƙarfin da aka tanada don jefa ƙarfe mai kilo 43 nisan kilomita 20 zai fito ta kansa da kan abokan aikinsa.

Shi ya sa dokar farko a kowace rundunar da ta san abin da take yi ita ce jira. Tsoffin littattafan horon sojan Amurka sun fayyace shi dalla-dalla. Kar a karkatar da bakinta daga inda aka saita. Kowa ya kauce daga bayanta inda take zabura. A sake gwada harbawa sau biyu. In ta ƙi, a jira minti 2 kafin a ciro ashana a duba. In ashanar ba ta ƙone ba, laifinta ne ko na allura, a canza a sake gwadawa. In kuwa ta ƙone, ke nan wuta ta riga ta shiga ciki, ba mai taɓa ƙofar nan sai an cika minti 10. Sojojin ruwa, masu jibga-jibgan igwoyi, rabin awa cur suke jira in ba a cikin yaƙi ake ba. Bututu mai zafi kuwa dokarsa juyawa take yi. Akwai ɗan taƙaitaccen lokaci na a harba ko a sauke, in ya wuce, kowa ya yi nesa da wurin, a bar ta ta huce, a kira ƙwararrun kwance bam. Igwa irin M198 har ma'aunin zafi gare ta mai launi uku, kore da rawaya da ja, don kar a tsaya ana dafa ƙarfe da tafin hannu ana kintace.

Minti goma a kan takarda ba komai ba ne. Amma ka ɗauka kai ne sajen da ke riƙe da igwar. Rediyo na ta ihu ana tambayarka me kake jira. Ko kuma ranar nuna bajinta ce, manyan baƙi na zaune a rumfa, 'yan jarida sun saita kamara, sauran igwoyi biyar sun tashi taka ta yi shiru. Kunya kaɗai ta isa ta tura hannunka kan ƙofar nan. Ni kam in na ga bidiyon sojoji sun ja da baya sun tsaya cirko-cirko suna kallon igwarsu, mutane na ta dariya a ƙasa wai ba su iya aiki ba, nakan ce waɗannan su ne suka iya. Wanda ya ruga ya buɗe shi ne ɗan koyo, ko da taurari nawa ne a kafaɗarsa.

Sai dai ga inda nake da ja da masu cewa horo kaɗai ya wadatar. Duk dokar jiran nan tana rataye ne a kan abu guda: sai mutum ya lura cewa igwarsa ba ta tashi ba. Za ka ce wane irin mutum ne igwa za ta ƙi tashi a gabansa ya kasa sani? To saurari abin da ya faru a jirgin yaƙin Ingila mai suna Thunderer, ranar 2 ga Janairu 1879, a tekun Marmara kusa da Santambul.

Jirgin na da igwoyi biyu jere a ɗakin ƙarfensa na gaba, kowace nauyin tan 38, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki. Ana atisaye, aka harba su tare. Ɗaya ta tashi, ɗaya ba ta tashi ba, kuma ba wanda ya sani. Wani babban hafsan ruwan Ingila, Admiral Seymour, ya bayyana daga baya yadda hakan ke yiwuwa: a daidai lokacin harbi mutanen da ke ɗakin kan toshe kunnuwa, wasu har su runtse ido, suna jin ƙara sai su ja ƙarfen da ke mayar da igwoyin baya don ɗuri, ba mai duba wacce ta zabura wacce ba ta zabura ba. Inji ne ke danna ɗurin, kuma ma'aunin da ya kamata ya nuna iya inda sandar ta shiga ya maƙale. Sai aka ɗora sabon albarushi da sabon harsashi a kan na farko. Da aka sake harbawa igwar ta tarwatse. Mutum 11 suka mutu, 35 suka ji rauni.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne abin da aka yi bayan nan. An yi ta gardama, wasu na cewa ƙirar igwar ce ba ta da kyau. Hukuma ba ta tsaya cacar baki ba. Aka ciro 'yar'uwar igwar, aka kai ta Woolwich, aka yi mata ɗuri biyu da gangan aka harba. Ta fashe kamar yadda ta farko ta fashe. An sadaukar da igwa sukutum mai tsada don a san gaskiyar abin da ya kashe mutum 11. Wannan hatsarin na cikin abubuwan da suka sa sojan ruwan Ingila ya rabu da igwar ɗuri ta baki ya koma mai ƙofar baya, inda in ka buɗe idonka zai gane maka akwai abu a ciki ko babu.

Kar a ce sakarcin ma'aikatan jirgi ɗaya ne. Bayan gumurzun Gettysburg na yaƙin basasar Amurka a 1863, an tsinto bindigogi sama da 27,000 a fagen daga, irin na ɗuri ta baki. Kusan 24,000 a ɗure suke, kuma wajen rabinsu ɗuri fiye da ɗaya ne a ciki. An samu wadda aka yi wa ɗuri 23. Wasu marubuta sun fassara wannan da cewa sojojin ba sa son kisa ne, suna kwaikwayon harbi kawai. Ni na fi karkata ga bayani mai sauƙi: cikin ƙara da hayaƙi da firgici, mutum na jan kunama bai san ba ta tashi ba, ya sake ɗurawa. In na farko ya toshe hanya, duk na bayansa tarawa kawai ake.

Kuma ba tsohon labari ba ne. Daren 18 ga Maris 2013, a filin atisaye na Hawthorne a jihar Nevada, sojojin kundunbalar Amurka na harba ƙaramar igwar nan mai kama da turmi, wadda ake jefa wa harsashi ta baki, mai milimita 60. Aka jefa na biyu alhali na farko bai fita ba. Mutum 7 suka mutu, 8 suka ji rauni. Bincike ya ɗora abin a kan kuskuren ɗan Adam da ƙarancin horo, aka sauke kwamandan bataliyar. Ku lura fa, rundunar da ta fi kowace kuɗi a duniya ke nan, shekara 134 bayan Thunderer, kuskure iri ɗaya sak.

Wannan ya kawo ni kan ainihin matsayata. Duk abin da za a iya ɗora wa ƙarfe, kar a bar shi a wuyan mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba kuma kunnensa ya toshe. Maƙeran makamai sun gane haka tuntuni. Shahararriyar igwar Faransa mai milimita 75, ƙirar 1897, wadda ke iya harbi 15 a minti guda, an sa mata wata 'yar sakata a ƙofar baya. Da zarar an ɗura an rufe, sakatar ta faɗa, ƙofa ba ta buɗuwa. Abin da ke zare ta shi ne zaburar nan da na ce ku riƙe. In igwa ta tashi ta zabura, girgizar ta saki sakata, ƙofa ta buɗu salin alin. In ba ta tashi ba, mai buɗewa zai ja ya ji gam. Yana iya zare sakatar da hannu, amma sai ya yi niyya, sai ya tsaya ya tambayi kansa me ya hana ta buɗuwa. Wannan 'yar tsayawar ita ce ran mutum shida ko bakwai. Sojan ruwan Amurka ma na da irin wannan sakatar a igwoyin jiragensa, kuma dalilin sa ta shi ne dai na Thunderer: in igwoyi da yawa sun tashi tare, ba ka iya rantsuwa taka na ciki.

Dubi hikimar. Ba lantarki, ba kwamfuta, ba batir da zai mutu. Ɗan guntun ƙarfe da sifirin. Igwar da kanta ce ke ba da shaidar ta tashi, ba kunnen mutum ba. Tarayyar Sobiyet ta yi makamancin haka ga igwoyinta na turmi: wani murfi a baki wanda in harsashi ya shiga zai tare hanya, ba ya buɗewa sai na cikin ya fita. Hannunka na rawa, idonka na rufe, ko ka so jefa na biyu ba zai shiga ba.

Kusan kowace irin wannan dabara, in ka tona, gawa ce ta haife ta. Ranar 13 ga Afrilu 1904 a jirgin Amurka Missouri, an buɗe ƙofar igwa bayan harbi, ragowar iska mai wuta da ta maƙale a bututu ta dawo baya ta kama albarushin da ake shirin zubawa. Mutum 36 suka tafi. Daga nan aka fara sa na'urar da ke hura iska mai ƙarfi ta share bututu kafin a sake ɗuri. Duk da haka irin wannan wutar ta kashe mutum 48 a jirgin Mississippi a 1924, ta sake kashe 43 a ɗakin igwa ɗaya na jirgin nan dai a 1943. Don haka kar wani ya ɗauka ina cewa in an sa na'ura an gama. Na'urar ma sai an duba ta, an shafa mata mai, an canza sifirin ɗinta. A Lohatla ta Afirka ta Kudu, ranar 12 ga Oktoba 2007, wata bindigar kakkaɓo jirage mai milimita 35 ta cije ana atisaye, daga baya ta ɓarke da wuta ta juya kan sojojin da ke gefenta, ta kashe 9. Da farko an yi ta yayata wai kwamfuta ce ta haukace. Bincike ya gano lalacewar wani ɗan ƙaramin fil ne na ƙarfe.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa. Za su ce Malam, wannan duk zancen filin atisaye ne, a fagen daga wa zai tsaya ƙirga minti goma ana yi masa ruwan wuta? Maganarku da ƙamshin gaskiya, kuma su kansu littattafan sun bar wa kwamanda damar rage jira in rai na kan siraɗi. Amma mu dubi misali na gaske. Ranar 23 ga Nuwamba 2010 Koriya ta Arewa ta yi wa tsibirin Yeonpyeong luguden wuta, ta kashe sojoji biyu da fararen hula biyu. Koriya ta Kudu na da igwoyi shida ƙirar K9 a tsibirin. Ɗaya daga cikinsu ba ta shiga ramuwar farko ba, saboda harsashi ya maƙale mata tun a atisayen da aka yi kafin harin. An yi ta surutu a ƙasar a kan haka, kuma da hujja. To amma ina gyaran yake? Yana can baya, wajen ingancin abin da aka zuba mata. Ba a hannun yaran da ke tsaye gabanta yake ba. Igwar da aka jira ta minti goma tana dawowa aiki a minti na sha ɗaya. Wadda aka buɗe da gaggawa ta fashe, an rasa ta, an rasa ma'aikatan da aka yi shekaru ana horarwa, sannan duk sauran igwoyin da ke jere da ita hannun masu su zai riƙa rawa har ƙarshen yaƙin. Ko da lissafin riba da asara za a yi ba na tausayi ba, jira ne ya fi araha. Sauri ya haifi nawa.

Tunda na ambaci abin da ake zuba mata, albarushin zamani ba dutse ba ne da za a jibge a manta. Sinadari ne mai ruɓewa a hankali, an gauraya shi da wani maganin da ke riƙe shi, kuma maganin na ƙarewa da shekaru. Zafi na gaggauta ƙarewarsa. Danshi kuma na kashe ɗan baƙin albarushin da ke karɓar wuta daga ashana, wanda shi ne uban likimo. Faransa ta yi asarar manyan jiragen yaƙi biyu a tashar Toulon, Iéna a 1907 da Liberté a 1911, ba abokin gaba ko ɗaya a kusa, albarushinsu ne ya tashi da kansa. Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci kowane rukunin albarushi lamba gare shi, ana ɗiban samfur ana gwadawa lokaci-lokaci, in rukuni ya ba da matsala a wuri ɗaya a dakatar da shi ko'ina. Yanzu da duniya ke wawason harsashin igwa saboda Yukren, ana share tsoffin rumbuna ana sayarwa, wa kuke tsammani za a turo wa ragowar da manya suka ƙi?

Akwai kuma abin da ke biyo bayan hatsari, wanda ya fi ci mini rai. Ranar 19 ga Afrilu 1989 ɗakin igwa na biyu na jirgin Amurka Iowa ya kama da wuta ana tsakiyar ɗuri, a teku kusa da Puerto Rico. Mutum 47 suka mutu. Wannan ba ƙin tashi ba ne, amma darasinsa ya shafi zancenmu. Albarushin da ake amfani da shi tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi shi. Rahoton farko na sojan ruwa ya ce mai yiwuwa ɗaya daga cikin mamatan ne, Clayton Hartwig, ya tayar da wutar da gangan. Aka yi ta watsa ƙazaman jita-jita a kan rayuwarsa a jaridu, mutumin da ke kabari ba shi da bakin kare kansa. Sai da 'yan majalisa suka matsa aka kawo masana daga cibiyar bincike ta Sandia. A gwajin da aka yi a watan Mayun 1990 aka ga cewa in an danna jakunkunan albarushin da ƙarfi fiye da kima suna iya kamawa da kansu. A watan Oktoban 1991 shugaban sojan ruwa, Admiral Frank Kelso, ya fito ya ba iyalan Hartwig haƙuri, ya ce babu hujjar da ta tabbatar da zargin. Shekara biyu da rabi uwa da uba na ɗauke da wannan tabon.

Ku kwatanta da Thunderer. Can an fasa igwa don a san gaskiya. Nan an nemi fasa sunan mamaci don a tsare sunan hukuma. Kuma duk inda aka ce "kuskuren ma'aikaci ne" aka rufe fayil, to a sani an bar tarkon a ɗane yana jiran na gaba. Tambayar da ta kamata ita ce me ya sa ƙirar abin ta ba shi damar yin kuskuren, wa ya sa hannu a kan albarushin, yaushe rabon a gwada shi.

Me ya kawo wannan duka shafina? Saboda 'ya'yanmu da ƙannenmu ne ke tsaye bayan irin waɗannan igwoyin a Arewa maso Gabas da sauran wuraren da ake fama. Rumbun sojan Najeriya gauraye yake: akwai igwar Italiya, akwai ta Suwidin, akwai ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ga na Sin da aka kawo a 2020. Kowace da irin ƙofarta, da irin ashanarta, da tata dokar in ta ƙi tashi. Yaron da ya saba da wannan aka mayar da shi kan waccan, hannunsa tsohuwar zai tuna a lokacin firgici. Ga zafin Maiduguri a watan Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin kwantena a rana. Mu da muka ga abin da ya faru a barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, inda sama da mutum dubu suka halaka, ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da ajiyar makamai ke iya yi ba.

Don haka in an fito da sababbin makamai ana yanka kintinkiri muna tafi, ina so 'yan majalisar da ke kwamitocin tsaro da 'yan jaridarmu su riƙa ƙara wasu tambayoyi marasa daɗin ji. Harsashin da aka haɗo da su, wace shekara aka yi shi? Kwangilar ta haɗa da kayan gyaran ƙofa da allura da sifirin, ko gangar jikin kawai aka saya? An fassara littafin zuwa harshen da kofur zai karanta ya gane? Makarantar horon igwa da ke Kachia na samun isassun harsasan atisaye, har a riƙa shirya wa yara ƙin tashi na gangan don jikinsu ya saba da jira? In hatsari ya faru, iyalan mamaci za su ga rahoto, ko tuta da ta'aziyya kawai za a kai musu? Ba sirrin tsaro ko ɗaya a cikin waɗannan. Abokin gaba ba ya ƙaruwa da komai don ya ji cewa muna gwada albarushinmu. Wanda ke fakewa da sirri a nan, galibi kwangila yake karewa.

Kafin wani ya ce abin ya yi nisa da shi, mu leƙa gida. Bindigar toka da maharbanmu da 'yan banga da 'yan bindigar hawan sallah ke riƙewa, ƙanwar igwar Thunderer ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta baki ake ɗura ta, ba ka ganin cikinta, kuma a hawa tare ake harbawa cikin hayaƙi da kiɗa da ihun jama'a, daidai yanayin da mutum ba zai san tasa ba ta tashi ba. Albarushin kuma na gida ne, wani ya kwana a ɗaki mai danshi tun damina. Wanda ya zauna da maharba ya san labarin yatsu da idanun da bindiga ta ci. In taka ta ƙi tashi, bakinta ya ci gaba da kallon inda ba mutane, ka ƙirga aƙalla minti guda cikakke. Kar ka leƙa bakin, kar ka hura, kar ka juyo da ita kana nuna wa na kusa da kai wai duba ta ƙi. Kar ka tuttula albarushi kai tsaye daga gora zuwa bututun da bai daɗe da tashi ba, auna a wani abu daban tukuna, don in akwai ragowar wuta a ciki gorar gaba ɗaya za ta tashi a hannunka.

Sakatar Faransawa ba za ta shiga bindigar toka ba, amma akwai madadinta da ba ya cin ko sisi. Ka zura sandar ɗurinka cikin bindiga tana wayam, ka tsaga alama da wuƙa daidai baki. Ka yi ɗuri ɗaya ka sake zurawa, ka tsaga ta biyu. Daga ranar, kafin kowane ɗuri sanda za ta fara shiga. In alamar farko ba ta sauka daidai baki ba, akwai abu a ciki, ko ka tuna ko ba ka tuna ba. Sarakunan bindiga da shugabannin 'yan banga na iya mayar da wannan sharaɗi kafin sallah mai zuwa: wanda sandarsa ba ta da tsaga biyu, ba ya shiga layi.